Numfashin A-kori-kurar Mansir

Magariba ta kawo jiki a Ƙofar Dumi, maƙera da teloli sun fara rufe shaguna, amma Mansir bakanike yana nan sunkuye a kan injin a-kori-kurarsa a ƙofar gida. Shekara ashirin yana gyara motocin mutane, yau ga tasa ta mai da shi ɗan koyo. Abin ya ƙona masa rai ba kaɗan ba.

Ciwon motar guda ɗaya ne. Ƙarfin man da ke shiga rel, bututun nan da ke rarraba wa nozul-nozul dizal, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya hau, ya faɗi, inji ya shaƙe kamar zai mutu, can kuma ya farfaɗo. Mansir ya sake filta, ya sake famfo, ya sa sabuwar sansa mai auna ƙarfin man, ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, duk a banza. A ƙarshe ya haɗiye girman kai ya kira abokinsa Andrawus, mai gwada motoci da kwamfuta. Andrawus ya jona na'urarsa, ya daɗe yana kallon layin da ke hawa da sauka.

"Mansir, ban taɓa ganin irin wannan ba," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Abin da ya lalace ba ya bin tsari. Wannan kuwa a jere yake tafiya, kamar mai numfashi."

Bai rufe baki ba dutse ya sauka a kan rufin motar. Suka leƙa lungu, babu kowa. Na biyu ya faɗo a kwanon gida, na uku ya gangaro har gaban ƙafar Mansir. Da ya ɗauka sai ya ji shi a jiƙe, yana warin dizal. Andrawus ya naɗe wayar na'urarsa, ya hau babur ɗinsa.

Sai A'i, matar Mansir, ta ƙwala kira daga ciki. 'Yarsu Madina, mai shekara sha biyu, wadda ta kwana uku tana tari, tana zaune a tsakar gida, ido a kafe, ƙirji yana sama yana ƙasa. Mansir ya tsaya a kanta, ƙarar injin tana shigowa ta zaure. Nan jikinsa ya yi sanyi. In inji ya shaƙe, yarinya ta shaƙe. In ya farfaɗo, ta ja iska.

Da gudu ya fita ya kashe motar. Ihun A'i ne ya biyo shi: "Ta daina numfashi! Baban Madina, ta daina!" Ya sake murɗa makulli. Inji ya kama da ƙyar, ya jiyo yarinyar ta yi tari. Ya bar motar a silo, inji na juyawa a hankali, yana sane da cewa yana iya mutuwa da kansa a kowane lokaci.

Ana sallame sallar magariba aka zo da Malam Abdulsalam, dattijon unguwa da ya san aikin ruƙiyya. Ya zauna a tabarma, ya fara karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. An daɗe ba a jin komai sai karatun da kukan inji. Can Madina ta ɗago kai, muryar wata babbar mace ta fito daga bakinta, a dishe.

"Ka daina ƙona ni, Malam. Ni aka fara ƙonawa."

"Ke wace ce, baiwar Allah?"

"Tambayi mai mota abin da ya zuba a Tirwun."

Mansir ya sulale ya zauna a ƙasa. Kwana huɗu da suka wuce ya kai bulo Tirwun, motar ta mace masa saboda ruwa a cikin dizal. Ya kwance tanki, ya tatse gurɓataccen man a bokiti, ya juye shi cikin ramin wani suri, rana na faɗuwa. Shi da ko ruwan zafi ba a barinsa ya watsa a ƙasa tun yana yaro sai da bisimilla, ranar haushin mota ya sa bai ce komai ba.

"Ɗana yana barci a ciki," in ji muryar. "Tun ranar numfashinsa ke zuwa yana komawa. Na ɗaure na ɗana da na motar, yau kuma na haɗa da na 'yar mai motar, uban ya ji abin da nake ji."

"An zalunce ki, amma ba da gangan ba," in ji Malam. "Yarinyar nan fa, me ta zuba?"



"To a yanka mini baƙar akuya," in ji muryar.

"Ba a yanka sai don Allah. Ɓarnar da aka yi dai za a gyara."

Mansir ya matso, hawaye na zuba. "Ki yafe mini. Da asuba zan je in kwashe ƙasar nan da hannuna, in zuba mai tsabta. Ni na yi laifi, ki bar mini 'yata."

Idanun Madina suka tsaya a kansa, suka daɗe. Wani abu ya ratsa fuskar, wanda ba fushi ba ne. "Ka kwashe," muryar ta ce a gajiye. "Ko da yake yanzu ba sauri." Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta kife a cinyar uwarta.

"Je ka kashe motar," in ji Malam.

Tafiyar daga tsakar gida zuwa ƙofa ta yi wa Mansir nisa. Ya yi bisimilla, ya murɗa makulli, unguwa ta yi tsit. Ya tsaya yana jiran ihu, ihu bai zo ba. Da ya koma ya tarar Madina na shan ruwa, numfashinta lafiya lau. Ya durƙusa ya riƙe hannunta yana hamdala.

Ta dube shi, cikin muryarta ta kullum. "Baba, ina aka kai jaririn da nake riƙe da shi? Tun kana cikin magana ya yi shiru a hannuna, uwarsa ta karɓe shi ta lulluɓe masa fuska."