Haruffa Uku a Saman Jeri

Mai gyara, mijin 'yata Auta, shi ya goge mini sunan ɗana, sannan ya karɓi amincewata da ƙarya. Maƙwabciyata malamar makaranta ce ke rubuta wannan, kuma na ce kada ta sassauta ko kalma ɗaya.

Ɗana na fari, wanda ake kira Direba, shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwarsa. Ya bar tsohuwar na'urar gem da kaset ɗaya a ƙarƙashin talabijin. Wasan tseren motoci ne. Kowace mota da bindiga a rufinta, suna harbin juna, suna zubar da mai a kwana don na baya ya sulɓe, ga kiɗan jita kamar ana yanka ƙarfe. Yana raye, kullum cikin zagin kiɗan nan nake. Da ya tafi, kowace safiya sai in kunna, in jira jerin gwanaye ya fito. A can sama akwai haruffa uku na sunansa. Ban yi karatu ba, su kaɗai na iya karantawa a duniya. In gaishe su, in kashe, in ɗora ruwa.

Da na'urar ta fara gardama, na ce ba za ta bar ɗakin nan ba, a kira mai gyara. Ya zo, dogo, siriri, da jakar kayan aiki. Ya buɗe kaset ɗin ya ce ƙaramin batirin da ke riƙe da maki ya kusa mutuwa. Zai jona wani da 'yan wayoyi biyu, ya cire tsohon, ya liƙa sabo. Muddin wayar ba ta motsa ba, komai zai zauna yadda yake.

Sai Auta ta shigo da shayi. Ya ɗaga kai. Wayar ta motsa.

Da aka kunna, jerin ya cika da baƙin sunaye, irin waɗanda kaset ɗin ya zo da su.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji shi.

"Ban haife ka ba. Ina sunan?"

Ya tattara kayansa ya tafi. Shayin ma bai sha ba.

Bayan kwana biyu ya dawo, wai zai duba liƙin. Bayan wasu biyun ya sake dawowa, wai zai goge ƙura. Auta ta miƙa masa rimot ta ce tunda ya ɓata, ya gwada ya ga abin da ya ɓata. Aka harbe shi tun a kwanar farko, motarsa ta kife. Daga ranar ta raɗa masa Na Ƙarshe. Shi kuma yana kiranta Fitila, wai ita ta haske masa ido. Na ce ai kuwa, ni na biya.

Wata rana ta bar wayarta a kan firji, na kai wa malama ta karanta mini saƙonninsu.

"Fitila, yau na ƙona yatsa sau biyu a shago, duk laifinki ne."

"Na Ƙarshe, in ka zo kwana ka rage gudu kaɗan, ka daina harbin bango. Bangon bai yi maka komai ba."

"In na zo na uku gobe, za ki yi mini murmushi?"

"Ka fara zuwa na biyar tukuna."

A lokacin akwai ɗan mai kantin magani da ke nemanta, yaro mai mota ta gaske. Da ya ji labari ya kawo mini sabuwar na'ura a kwali, wai hotonta ya fi kyau. Na tambaye shi ko sunan ɗana na ciki. Ya yi dariya. Na mayar masa da kwalinsa har bakin ƙofa.

Da mai gyara ya kawo maganar aure, na ce a'a. Ya sake kawowa, na ce to, da sharaɗi: ya mayar da haruffan nan uku saman jeri, da hannunsa.

Wata huɗu yana zuwa bayan ya rufe shago. Har suka ɓata, don Auta ta ɗauka kunya ce ke kawo shi, ba ita ba. Sati guda ba ta fito falo ba. Ya turo mata saƙo:

"Da don kunya ce, da tuni na canja unguwa. Na zo ne don ranar da wayar ta motsa ba hannuna kaɗai ya motsa ba."

Washegari ta fito, ta zauna a ɗaya kujerar.

Wata yamma na dawo daga asibiti wajen gwajin hawan jini, na tarar da kiɗan yana tashi, su biyu a tsaye. Haruffan suna sama. Rimot yana hannunsa. Na zauna na dube su har idona ya yi ruwa, na ce Allah ya yi muku albarka. Aka ɗaura aure, aka ci aka sha, na raka ta da kaina.

Sati biyu bayan biki suka zo gaishe ni. Ya ɗauki rimot don nishaɗi. A kwanar farko ya daki bango, aka harbe shi, ya zo na ƙarshe. Na ce ya sake. Ya sake zuwa na ƙarshe.

"Wannan hannun ne ya kai saman jeri?"

Ya dubi ƙasa. Auta ta ce, "Mama, ni ce. Minti arba'in na yi."

"A ina kika koya?"

"Yaya bai taɓa wuce tsere na huɗu ba. Kin hana ni taɓa gem, shi ya ce in riƙa yi in kin fita, in sa sunansa. Makin farkon da ya goge ma ni na ci."

Mijin ya kama hannunta suka fita, ko sallama babu.

Albarkar da na sa musu ban janye ba, su zauna lafiya, Allah ya ba su zuri'a. Amma shi ya riƙe rimot a gabana yana sane, ya bar ni ina hawaye. Ina so ranar Asabar ya zo shi kaɗai, ba tare da Fitilarsa ba, ya zauna a kujerar nan ya dubi idona. Ina so ya faɗa mini shekara goma sha ɗaya hannun wa nake gaisarwa kowace safiya, kuma gobe in na kunna, wa zan gaisar.