Masu Tafiya a Dajin Barend

Duk garin Haarlem babu ragon mai zane irin Barend, mijin ƙanwata Lisbet. Bishiya kawai ya iya. In ya gama zana daji, sai ya kai wa wani ya ɗiga masa 'yan mutane a kan hanya, su raba riba. Rabon nan ne ya tsaya masa a rai, har ya tafi wurin tsohuwa Aleid a bayan fadama.

Da bakinsa ya ba ni labari, yana taƙama. Bukkar sai warin ruɓaɓɓen kifi, ƙoƙon kan maraƙi na rataye bisa dutsen niƙa. Ta ƙona ƙashi, ta niƙa da mai, ta tofa yawu a ciki.

"Zana dajinka da wannan, ka bar hanya fayau. Masu tafiya za su zo da kansu."

"Daga ina, Iya?"

"Arziki ka zo nema ko tambaya?"

"Me zan biya?"

"Ni? Ko ɓawon cuku ba na so."

Sakarai, wai shi ya samu banza.

Zanen farko na bushewa, sai ga tsoho da sanda a cikinsa, a ƙarƙashin bishiya, kamar ya yi magana. Attajiran Amsterdam suka yi ta rububi. A makon aka binne uban Barend. Barend ya sayi gida a bakin ruwa, ya zana na biyu. Mace ta bayyana da jan siket, Lisbet ta kwanta ba ta tashi ba.

Na ce, "Barend, siket ɗin ƙanwata ne wannan!"

"Haba Yaya, ita kaɗai ke da jan siket a ƙasar nan?"

Ya sani sarai. Wani mai jiragen ruwa ya nemi babban zane, Barend ya karɓi aikin. Kafin fenti ya bushe, Neeltje, 'yar Barend, ta fara yawo a tsakar gida tana kakkaɓe ganyen da babu, tana cewa ta ɓata hanya. Sai a lokacin gogan ya duba zanen, ya ga yarinya da kwando. Ya zari wuƙa ya kankare ta.

Ina ƙasa riƙe da Neeltje lokacin da ta yi ƙara. Ba zan faɗi abin da na gani ba.

Yanzu yana kwana a gindin gada, yana roƙon itatuwa gafara. Ban taɓa miƙa masa ko guntun burodi ba. Kai mai kwaɗayi, in aka ce maka kyauta ne, juya ka dubi mutanen gidanka tun suna nan.