Ranar Ƙaura a Rafin Maje

Ku matso. Ku kife wayoyin nan tukuna, don labarinsu ne.

Bara'atu tana aiki a wani ƙaramin kamfani a Gusau, masu manhajar da ke nuna wa direbobin manyan motoci hanya. Idan an gama yi wa manhajar gyara, sabon zubin yakan zauna a kulle, sai ta danna sannan ya sauka a wayoyin mutane. Tana iya sakar wa kowa. Tana iya sakar wa 'yan kaɗan, a ga yadda zai yi. Dokar gidan ɗaya ce: ba a saki ranar Juma'a, domin in abu ya lalace babu mai gyara.

Zubin da ke hannunta yana ɗauke da sabuwar hanyar yanke, ta cikin Rafin Maje, rafin da ya ƙafe tun ba a haife ta ba.

Ranar Juma'a ce, rana tsaka. Maza sun tafi masallaci. Shugabanta, Malam Nafi'u, ya bugo waya.

"Direbobin albasa sun dame ni kan hanyar yanken nan. Ki saki yau."

"Yallaɓai, Juma'a ce fa."

"Ni na kafa dokar, ni na ɗage ta."

Tana ajiye wayar, sai ga wata tsohuwa a bakin ƙofa, da ƙullin kaya a ka. Leɓunanta suka motsa, suka rufe. Sannan sallamar ta iso.

Bara'atu ta amsa a hankali.

"'Yata, ke ce mai buɗe hanya?"

"Inna, nan ofis ne. Wa kike nema?"

"Ke. Yau muna ƙaura. Da tsofaffi, da masu jego. Ki bari sai gobe."

"Ƙaura daga ina?"

"Kin sani. Kin zana mana layi a tsakar gida."

Bara'atu ta sunkuyar da kai. Watan Maris ne, ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Amma tun daga matakalar bene har inda tsohuwar ke tsaye, sawun ƙafa ne jiƙaƙƙu, da yashi a cikinsu.

Da ta ɗago, babu kowa.

Ta zauna ta yi lissafi irin na ma'aikaci. In ta ƙi, ta saɓa wa shugaba. In ta sakar wa kowa, ta saɓa wa tsohuwa. Sai ta raba tsakani, ta zaɓi kaso mafi ƙanƙanta. 'Yan kaɗan ne, in ji ta. Ta danna.

Fankar sama ta tsaya.

Muryar tsohuwar ta zo ta bayan kunnenta, babu fushi a ciki. "Kaɗan ɗin ma, kowa da mai shi."

A nan ta tuna. Ba ita ke zaɓen waɗanda za su fara samu ba, na'ura ce. Kuma yayanta Hamisu, direban da ke amfani da manhajar, ya ɗauko albasa tun safe.

Ta buɗe taswira. Ɗigon da ke nuna motarsa ya saki kwalta. Yana gangarawa rafin.

Ta danna tsayarwa. Sakin ya tsaya. Amma tsayarwa ba ta ƙwato abin da ya riga ya sauka a wayar mutum. Ta fi kowa sanin haka.

Ta kira shi. Aka ɗauka.

"Yaya! Juya! Don Allah ka juya!"

Babu magana. Sai ƙarar ruwa, mai yawa, yana tafiya.

Ta yi ta karanta Ayatul Kursiyyu har harshenta ya bushe. Sai bayan la'asar Hamisu ya tsayar da mota a ƙofar ofis. Jikin motar sharkaf, ciyawar ruwa na reto a tayoyi.

Ya shigo ya zauna.

"Mota ta mutu mini a tsakiya," in ji shi. "Sai mutane. Cike da rafin, kowa da kaya a ka, babu mai tari. Suna ratsa motar kamar ba ta nan. Wata tsohuwa ta dafa taga ta ce, ƙanwarka ta buɗe, amma ta rufe. Ta ce, to mu ma rabi za mu riƙe."

"Rabin me, Yaya?"

"Ban tambaya ba."

Bara'atu ta juya ga taswira. Wayar Hamisu tana aljihunsa, ga shi zaune a gabanta. Amma ɗigonsa yana can cikin rafin, yana tafiya gabas sannu a hankali, tafiyar mai kaya a ka.

Ta goge hanyar a ranar. Ɗigon bai gogu ba.

Hamisu yana nan, yana tuƙinsa, yana cin abinci. Magana ce dai ta yi masa nisa: sai ya rufe baki kake jin abin da ya ce. In ya taka siminti kuma, sawun yakan jima bai bushe ba.

Don haka in waya ta ce ku saki kwalta ku bi ta busasshen rafi, ku tsaya ku tambayi mutanen garin. Kada ku shiga da rana tsaka. Kada ku shiga ku kaɗai.