Sau Biyu Ake Fita

Ranar Talata da hantsi aka kira Sufeto asibiti. Wata mata ta rasu bayan an yi mata allura, fayil ɗinta kuma ya yi ɓatan dabo daga kwamfuta. Da sunan Dattijo mai kula da kwamfutocin aka goge shi, saura wata biyu ya yi ritaya.

"Kai ka goge?" in ji Sufeto.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Aka saka masa ankwa, amma Sufeto bai yarda ba. Mai laifi ba ya saurin amsawa haka.

Ya tafi ofishin Dattijo, ɗan ɗaki mai teburi biyu da fanka mai ƙara. Wani injiniya ya buɗe masa tarihin abin da aka rubuta a kwamfutar.

"Jiya ƙarfe ɗaya na rana Dattijo ya rubuta exit, kalmar fita, sau ɗaya. A tsohuwar na'ura shi ke nan, ka fita. Wannan sabuwar kuwa, in ka dakatar da wani aiki, gargaɗi kawai take yi. Sai ka maimaita."

"Wato ya tashi ya bar ƙofa buɗe?"

"Wallahi. Bayan minti goma aka goge fayil, aka rubuta exit sau biyu."

Sufeto ya dubi ɗaya teburin. Na Auta ne, 'yar Dattijo, mai shigar da adadin magani a kwamfuta, tana zaune a wurin.

"Ina kike jiya ƙarfe ɗaya?"

"Na fita cin abinci."

"Mai gadi ya ce ba ki fita ba. Babanki ya taɓa rubuta exit sau biyu?"

Sai hawaye sharrr.

"Sifili ɗaya na ƙara bisa kuskure a adadin allurar matar, yallaɓai. Goma ta zama ɗari. Na tsorata, na ga kujerarsa ba kowa, na zauna na goge fayil ɗin."

Kai, abin ya ba Sufeto tausayi, amma aiki aiki ne. A bakin ƙofa suka haɗu da Dattijo, an kwance masa ankwa ana saka mata.

"Na ce muku ni ne!" ya faɗa.

"Bari, Baba. Na sha gaya maka sau biyu ake fita."

"Kin gaya mini, Auta. Da na ji maganarki, da ba ki sami wurin zama ba."

Aka tafi da ita a mota. Dattijo ya bi motar da ƙafa har bakin titi.