Na Baya Shi Ne Shugaba

Dab da magariba na fita da adda a hannu, zan je gona in ƙara wa tarin dawata ƙaya saboda shanun da ke ratsowa. Kakar shekarar dubu biyu da uku ce. Garinmu ɗan ƙauye ne gaba kaɗan da Nasarawa Burkullu, gonakinmu kuwa suna jingine da wani kurmi mai tsohuwar tsamiya a tsakiyarsa. Ban kai rabin hanya ba na ji ƙauri. Ba ƙaurin murhu ba, na busasshiyar ciyawa. Na ɗaga kai, sai ga gabas ta yi jawur. Masu farautar gafiya sun sake cinna wa daji wuta.

Kafin in juya na ji usur daga cikin gari. Na ja tsaki, na ce to, yau Nababa ya samu ranar da yake nema.

Bari in gaya muku ko wane ne Nababa. Kafin girbi wata ƙungiya ta tara shugabannin masu kashe gobarar daji daga Anka da Gummi da Bukkuyum, ta yi musu bita a kan jagoranci da juriya. Kowane ƙauye ya aika shugaba da mataimakinsa. Nababa ne shugabanmu, ba don ya taɓa kashe ko wutar ashana ba, sai don yayarsa tana gidan mai gari. Ni Arzika aka ce in bi shi a matsayin mataimaki, tunda dai dole a samu mai ɗaukar jaka.

Abin da na gani a wajen bitar nan, tir. In za a ɗauki hoto Nababa ne a gaba. In an fara karatu ya jingina da bango yana minshari, ba abin da ke tada shi sai ƙamshin shinkafa. Da aka gama aka ba kowane shugaba riga mai ruwan lemo da usur. Tun daga ranar ya ce a riƙa kiransa Kwamanda. Da rigar yake zuwa masallaci, da ita yake zuwa suna, usur kuwa har awakin maƙwabta sun gaji da shi.

Mai koyarwar ba shi da laifi. Malam Abdulƙadir sunansa, tsohon ɗan kwana-kwana ne, rabin kunnensa wuta ta cinye. Ranar gwaji kurminmu ya kawo mu, gindin tsamiyar nan, don akwai fili. Kafin ya kunna ɗanyen ganyen da zai yi hayaƙi sai da ya fuskanci bishiyar ya yi sallama kamar yadda iyayenmu ke yi, ya ce, “Masu wuri, a gafarce mu, hayaƙi za mu yi.”

Nababa ya zungure ni yana ƙyaƙyatawa. “Ji mutum da boko nai yana gaida itace.”

Malam bai kula shi ba. Ya ce in za ku sa wuta don ta tarye wata wutar, kada ku yi mata zobe. Ku bar ƙofa, don ku da duk abin da ke zaune a wurin. Ya ce in hayaƙi ya rufe ku, ku jeru, kowa ya dafa kafaɗar na gabansa. Sannan ya ɗaga murya, ya yi ta maimaitawa har kurmin na amsawa.

“Na baya shi ne shugaba. Bayansa ba kowa sai wuta. Shi ne na ƙarshen fita.”

Ya ce tsoro zai zo, ba makawa. In ya zo, shugaba ya ba bakinsa aiki, ya riƙa faɗa wa mutanensa abu ɗaya ƙarami, dama, hagu, dama, hagu, har su fita. Lokacin da ake wannan bayani Nababa yana can gefe yana rigima a canza masa riga, wai tasa ta matse shi a ciki.

To, wannan ne mutumin da ya iso bakin kurmi da yammacin nan, yana busa usur, majiya ƙarfin gari na biye da shi da hauya da ɗanyun rassan sabara. Wutar na tahowa daga gabas. Kurmin da fadamar da ke bayansa ne kaɗai tsakaninta da tarin dawar gari kaf.

“A kewaye kurmin ga da wuta!” in ji Nababa. “Ta ko'ina. Ya cinye kai nai kamin waccan ta iso.”

Na ce, “Nababa, a bar ƙofa ta yamma. Kuma ba a yi sallama ba.”

“Kwamanda anka ce maka. Ni da kai wa anka ba riga?”

Ya busa usur a fuskata. Mutane suka rabu biyu da bakin wuta a hannu, wasu ta kudu, wasu ta arewa. Mu da ke tsakiya ya tura mu ciki wai mu share gindin tsamiya, shi ma ya biyo mu don a gan shi yana nuni da hannu. Bakunan wutar biyu suka zagaya suka haɗe ta yamma. Sai iska ta juya.

Zoben ya rufe, mu muna ciki.

Hayaƙi ya sauko mana kamar an kifa tukunya. Ba ka ganin tafin hannunka. Ido na zafi, maƙogwaro na ɗaci. Ciyawa na fashewa tas, tas, ta kowane gefe. Wani ya fara salati da ƙarfi, wani na kiran Innarsa.

Na yi ihu na ce a jeru, kowa ya dafa na gabansa. Akwai wani busasshen kwazazzabo da ya tashi daga gindin tsamiya ya gangara fadama, yashi ne zalla a cikinsa. Shi kaɗai ne mafita. Mutane suka laluba suka jeru. Na ji an bangaje ni, rigar nan mai santsi ta goga hannuna ta wuce.

“Ni zan shiga gaba in nuna hanya,” in ji Nababa. “Arzika, tsaya baya.”

Nuna hanya! Kwazazzabon da ko makaho ba zai ɓata a ciki ba. Na koma ƙarshen layi, na dafa kafaɗar Jatau maƙeri, wanda ke gabana. Muka fara tafiya a sunkuye.

Zafi na dukan bayana. Na san bayana ba kowa.

Sai ƙarar wutar ta ɗauke.

Tana ci, ina jin zafinta, amma ba sauti. Sai numfashinmu. Sai yashi na ƙuz, ƙuz, a ƙarƙashin ƙafa. Ƙaurin hayaƙi ma ya gushe, wani wari ya maye gurbinsa, warin tsohuwar rijiya da jiƙaƙƙiyar tsamiya.

Aka dafa kafaɗata ta hagu.

Hannun sanyi ƙalau. Yatsun sun zarce kafaɗa, sun sauko har ƙirjina.

Wata murya ta zo dab da kunnena, a hankali, kamar ta tsohuwa mai mura.

“Na baya shi ne shugaba. Haka munka ji ana faɗi a ƙofar gidanmu.” Yatsun suka shafa rigata. “Amma rigar ba ta jikinka.”

Hannun ya ɗaga. Kafaɗar Jatau ta ƙage a ƙarƙashin tafina.

“Kai ne shugaba?”

“Ba ni ba ne,” in ji Jatau, da ƙyar.

Tambayar ta matsa gaba. Ina jin ta tana bin layi, mutum bayan mutum, kowa na amsawa da gaskiyarsa. Shirun ya sa ko raɗa ana ji. Har ta kai gaba.

Layi ya tsaya cak.

“Ga rigar. Kai ne shugaba? Kai ka rufe muna ƙofa?”

Usur ya yi wani ɗan kuka ya mutu. Sannan muryar Nababa, siririya, wadda ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

“Ba ni ba ne! Wallahi ba ni ba ne! Aro anka ba ni. Na baya shi ne shugaba, haka Malam ya ce. Arzika ne! Yana baya!”

Ashe ya ji karatun. Ɗan banza, ashe duk ya ji, ajiye shi ya yi sai ranar da zai sayar da wani. Ko a cikin wannan tsoro sai da na ji kamar in tofa masa yawu.

Na ji sanyin ya juyo baya har kan Jatau. Abin ya wuce shi. Hannun ya dawo inda yake.

“An ce kai ne.”

Layi ba ya motsi. Nababa ya durƙushe a gaba ya toshe hanya, kwazazzabon kuwa mutum ɗaya yake ci. Ƙeyata ta fara ƙauri. In na ce ba ni ba ne, tambayar za ta sake komawa gaba, wuta kuwa ba za ta jira ta dawo ba.

Na ce, “Ni ne.”

“Muna da ƙanana. Fitar da mu.”

Nauyi ya sauka a kafaɗata. Ba na hannu ɗaya ba. Na ji shi yana ƙaruwa, yana miƙewa can baya, wani ya dafa wani, wani ya dafa wani, har gindin tsamiya.

Na ba bakina aiki.

“Na kusa da Nababa, a ɗaga shi a tura. Dama! Hagu. Dama.”

Layi ya motsa.

“Hagu. Kar wanda ya waiwaya. Dama.”

A bayana ƙafafu na bin umarnin, ƙanana, da yawa, duk a tare. Wani abu ɗan mitsitsi yana tari.

Yashi ya fara laushi. Iska mai sanyi ta taɓa fuskata. Na ji na gaba suna faɗawa cikin taɓon fadama, suna gudu. Kafaɗar Jatau ta suɓuce daga hannuna. Taku ɗaya ya rage mini.

Yatsun suka matse.

“Shugaba shi ne na ƙarshen fita.”

Na tsaya. Yanzu ba ni ne na baya ba.

Na raɓe jikin bangon kwazazzabo, na manna fuskata da ƙasa, na rufe ido. Ciyawar da ke saman bangon tana ci, tana zubo mini a baya.

Suka fara wucewa.

Sanyi na goga ƙafafuna. Wasu a tsayin gwiwa. Wasu sai na ji iskarsu a saman kaina.

“Dama,” na ce. “Hagu.”

Rigata ta kama. Na ji ƙaurin naman jikina.

Ba su ƙare ba.

“Dama.”

Wani ya wuce yana jan ƙafa, a hankali, a hankali. Na ciji ƙasa.

Shiru.

“Fito,” in ji muryar, daga can cikin fadama.

Ƙarar wutar ta dawo gaba ɗaya. Na yi tsalle na faɗa taɓo, na yi ta birgima. Jatau ne ya dawo ya ja ni. Ya ce lokacin da ya sunkuya ya ga ciyawar fadama tana kwantawa a jere, har can ƙetare, ba kowa a kanta. Daga gari ana kiran sallar magariba.

Dawar gari ta tsira, don fadama ta tare wutar. Tsamiyar ta ƙone ƙurmus. Na daɗe ina kwana rub da ciki. Bayana duk tabo ne har yau, ban da kafaɗar hagu, inda fata ta rage lafiya lau, da siffar tafi da dogayen yatsu. Ba na cire riga a gaban yara.

Nababa ko ƙwarzane bai yi ba. Washegari yana bakin kasuwa yana ba da labarin yadda ya ja mutanensa ya fitar da su. Amma labarin bai yi nisa ba, don tun daga ranar ba ya iya zama na baya a komai. A masallaci sai ya kutsa tsakiyar sahu. A hanyar gona sai ya jira wani ya biyo bayansa. Wanda ke tafiya shi kaɗai kuwa ai shi ne na baya, saboda haka ko bayi zai zaga sai matarsa Lauratu ta bi shi ta tsaya. Ƙaton mutum mai gemu. Da bakinta ta gaya wa matata, ta ce in ta matsa ko kaɗan sai ya fara kakkaɓe kafaɗa yana rantsuwa.

Da kaka ta zagayo ƙungiyar ta aiko wani sabon jami'i ya duba yadda ƙauyuka suka yi amfani da bitar. Ya same mu zaune a ƙofar mai gari. Nababa ya ji za a ɗauki hoto, ya zaro rigar daga ƙasan akwati ya saka. Baƙon ya zagayo ta bayansa da fara'a, ya dafa masa kafaɗa, ya ce, “Kai ne shugaba?”

A gaban mai gari, a gaban kowa, Kwamanda ya zube ƙasa yana kiciniyar tuɓe rigar.

“Ba ni ba ne,” yake cewa. “Arzika ne. Yana baya.”

Ina bayan kuwa. Ban karɓi rigar ba.