Notin Garma

An yi ruwa da asubar Lahadi, ruwan da manoma suka yi mako uku suna jira. Da ƙarfe takwas duk mai shanun huɗa a ƙasar Kunci yana gona. Sufeto Khamisu Nababa kuwa yana ofis, ya cire takalmi ɗaya saboda ciwon diddige, sai Saje Fatihu ya leƙo.

"Yallaɓai, mota ta kife a kwanar gada. Mutum ɗaya ne a ciki, ya rasu. Kuma mutanen Tsamiyar Dabo sun kama Muntaka bakanike suna duka."

"Me ya haɗa bakanike da kwanar gada?"

"Sun ce aikinsa ne ya kashe mutumin. Har ana maganar a ƙona garejinsa."

Sufeto ya mayar da takalmin a hankali. Shekara ashirin da shida a wannan aiki sun koya masa cewa jama'a sukan riga ɗan sanda gano mai laifi, kuma sau da yawa ba shi ba ne.

"Aika mutum biyu su ƙwato shi, a ajiye shi a bayan kanta. Kai kuma zo mu je."

Kafin su isa an ɗauke gawar. Motar tana kwance ta gefe cikin wata gona, ƙafarta ta gaba ta dama ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi. Irin motocin nan ce masu haɗa fetur da batir, waɗanda ba ka jin ƙararsu sai sun zo dab da kai. Mai ita Malam Zailani ne, malamin sakandare da ke zaune a Rijiyar Zaki, cikin Kano. Ranar Juma'a ya zo Tsamiyar Dabo gaida mahaifiyarsa, yau yana kan hanyar komawa.

Sufeto ya tsuguna da ƙyar. Sifirin ɗin ƙafafun sababbi ne fil, shuɗaye, kuma a saman kowanne an cusa zoben roba mai kauri.

"An ƙara mata tsawo," in ji Saje. "Motocin nan cikinsu a ƙasa yake, ba su son burji."

Kowace shakazoba, wato ƙarfen da ke shanye jijjigar hanya, noti biyu ne ke riƙe ta da ƙafar mota. Na hagu duk suna nan, masu lambar da ke nuna ƙarfinsu a ka. A dama kuwa ɗaya ya karye, ɗan'uwansa ya tsinke ya bi shi. Sufeto ya zaro guntun wanda ya fara karyewa. Ba shi da lamba. Kansa shafaffe ne, wuyansa mai kusurwa huɗu, da ɗan saura na koren fenti.

Ya jujjuya shi a tafin hannu. Ya san ya taɓa ganin irinsa, amma ba a jikin mota ba.

A but ɗin motar akwai jak da sifanu uku. An rubuta wa jak ɗin suna da jan fenti: Muntaka.

Muntaka yana zaune a bayan kanta, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Mutum ne da ya ba hamsin baya, hannayensa baƙaƙe har gwiwar hannu.

"Ka taɓa motar Malam Zailani?"

"Wallahi ko ganinta ban yi ba, ranka ya daɗe."

"To jak ɗinka da ƙafa ya taka ya shiga but?"

Muntaka ya sunkuyar da kai.

"Ka ga, Malam Muntaka, ni na gaji. DPO yana so gobe a tura ka Kano da takarda. In ka ƙara mini ƙarya ɗaya, ni da kaina zan rubuta ta."

"Tsoro ne, yallaɓai. Na ga dukan da na sha ban ce komai ba, na ce in na ce na gan ta kuma ai sai kisa." Ya goge baki. "Ranar Juma'a ya biyo da ita, da kayan da ya sayo a Kano cikin kwali. Ya ce in ɗaga masa ita. Na ce Malam, motar nan akwai batir a ƙarƙashin kujerar baya mai nauyin buhun gero. An auna komai nata. In ka ɗaga ta, za ta riƙa rangaji a kwana, kuma ni ba ni da abin saita ƙafa. Na ce ya kai ta birni."

"Sai ya ce me?"

"Ya yi dariya. Ya ce tsufa ya kama ni, yanzu a waya ake koyon komai. Ya ce in ara masa jak da sifana, zai dawo mini da su yau in zai wuce."

"Shi zai yi aikin?"

"Malam Zailani? Ko taya bai iya canjawa ba."

Sufeto ya ajiye guntun notin a kan kanta. "Naka ne?"

Muntaka ya kusanto da shi ga idonsa mai gani. "Wannan ɗanyen ƙarfe ne. Ko a keken ɗana ba zan ɗaura shi ba."

Sufeto ya jira har aka yi jana'iza bayan Azahar, sannan ya kama hanyar Tsamiyar Dabo. Burjin duk ramuka ne da tudun da tayoyin tarakta suka bari a tsakiya. Sau biyu cikin motarsu ya gurji ƙasa. Hagu da dama gonaki sun sha huɗa, kunya-kunya baƙi ƙirin da danshi.

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan su Malam Zailani. Ya yi gaisuwa, ya zauna aka yi addu'a. Ƙanen mamacin, Naziru, magidanci ne ɗan shekara talatin da biyar, shi ke riƙe da gonakin gidan. Idanunsa sun yi ja.

"Allah ya jiƙan Malam. Wa ya yi wa motar aiki?"

"Muntaka," in ji Naziru, yana kallon tabarma.

"Yaushe?"

"Jiya."

"Ka raka shi garejin?"

"A'a. Yaya ne ya faɗa mini."

Sufeto ya nemi izinin yi wa mahaifiyarsu ta'aziyya. Inna Tahira tana zaune a bakin ɗaki da carbi, mata sun ja gefe.

"Inna, sai haƙuri. Allah ya sa ya huta."

"Amin, ɗan nan."

"Jiya ina motar ta wuni?"

"Tana can ƙarƙashin darbejiya a bayan gida. Ba wanda ya taɓa ta."

"Naziru ya ce an kai ta Kunci."

Carbin ya tsaya a hannunta. "To wataƙila an kai. Ni tsohuwa ce, ba na fita."

Ya zagaya bayan gida. Ganyen darbejiyar ya tare ruwan asuba, ƙasar wurin ba ta jiƙe sosai ba. Ga shatin gindin jak a wuri huɗu, ga gutsattsarin katako da aka tokare mota da su, ga yagaggen kwali.

Can gefe bijimai biyu suna ɗaure a turke suna tuƙa. Ƙafafunsu tsaf, ba laka. An jingina garmar shanu a jikin rumbu, koriya, bakinta a bushe.

Sufeto ya daɗe a tsaye. Mahaifinsa ma da irin wannan garma ya yi noma har ya mutu. Ya ce wa Saje ya kira Naziru, shi kaɗai.

"Gari ya waye da ruwa," in ji Sufeto. "Labari bai zo muku ba sai ƙarfe takwas. Kowa a ƙauyen nan ya fita huɗa tun da sassafe. Kai me ya hana ka?"

"Ina sallamar Yaya."

"Ya tafi ƙarfe bakwai. Daga nan fa?"

Naziru ya saci kallon garmar.

Sufeto ya kwantar da garmar. Noti uku ne ke riƙe bakinta. Biyu suna nan, masu shafaffen kai da koren fenti. A rami na uku an zura waya an murɗe. Ya ciro guntun daga aljihu ya ɗora a kan ramin. Wuyan mai kusurwa huɗu ya zauna daram.

Naziru ya zame ya zauna a ƙasa, ya jingina da rumbun.

"Ba ya zuwa," ya ce a hankali. "Tun da ya sayi motar nan saboda tsadar mai, sai ya yi wata huɗu bai zo ba. Ya ce hanyarmu tana cinye masa cikin mota. Inna kullum tana bakin zaure in ta ji ƙarar inji, alhali tasa ma ba ta ƙara. Ni na ce masa ya sayo kayan. Na kalli yadda ake yi a waya ya fi sau ashirin. Ni ke gyara injin ban-ruwa a ƙauyen nan, yallaɓai, ba a taɓa dawo mini da aiki ba."

"Notin fa?"

"Ƙafa uku sun tafi lafiya. A ta huɗu zaren noti ɗaya ya cinye, ya ƙi kamawa. La'asar ta wuce. In na je Kunci wurin Muntaka, zai ce ai ya faɗa. Na duba garma, na ga kaurinsu ya yi kusa. Na ce abin da ke jure bijimai biyu a busasshiyar ƙasa, ai mota ba za ta gagare shi ba."

"Yayanka ya sani?"

"Ya tambaye ni, 'Naziru, komai ya ɗauru?' Na ce ya ɗauru." Ya rufe fuska da hannu. "Da ya fita yau, ko sau ɗaya cikinta bai taɓa ƙasa ba. Ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce wa Inna duk Juma'a zai riƙa zuwa."

Sufeto ya bar shi ya yi kukansa. A ransa yana auna abin da ya saba aunawa ba ya samun amsa: kuskuren da ƙauna ta jawo, ina ne ma'auninsa? Wannan dai na alƙali ne, ko na wanda ya fi alƙali. Amma akwai ɗaya da ba ya bukatar awo.

"Wa ya fara ambaton Muntaka?"

"Mutane suka ga jak. Suka juyo suka ce, Naziru, shi ne? Na ce e."

"Kana wurin lokacin da suke dukansa?"

"Ina wurin."

"Noti kuskure ne, Naziru. Wannan e ɗin ba kuskure ba ce. Tashi."

Inna Tahira tana tsaye a bakin katanga, ba wanda ya ji zuwanta.

"Ɗan nan, ɗaya na rufe yau. Ɗayan za ka ɗauke mini?"

"Inna, kin san shi ya yi aikin."

"Ni na kai masa ruwan sha a ƙarƙashin bishiyar."

"Mutumin da ke tsare a ofishina yana da 'ya'ya bakwai, kuma da safe an so a ƙona abin da suke ci da shi."

Ta dubi garmar da ke kwance, ta dubi bijiman, sannan ta juya ciki. Sufeto bai sa wa Naziru ankwa ba. Ya bi da shi ta bayan gida don kada su ratsa masu zaman makoki, amma ya tura Saje ya gaya wa mai unguwa gaskiyar magana a gaban kowa.

Da La'asar sakaliya suka isa ofis. An fito da Muntaka, yana neman takalminsa ɗaya da ya ɓace wurin duka. Suka yi kiciɓis da Naziru a bakin ƙofa. Sufeto ya gaya masa abin da aka gano cikin kalma kaɗan.

Muntaka ya kalli Naziru da idonsa guda. Ba fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Irin notin nan na ƙafa," ya ce, "akwai guda huɗu a gwangwanin madara a garejina. Shekara biyu suna nan ba mai nema. Da ka zo, Naziru, gori kawai zan yi maka in ba ka."

Saje ya kama hannun Naziru ya wuce da shi bayan kanta. Sufeto ya zauna, ya cire takalmi, ya jawo takarda. Ya ajiye guntun notin a gefenta, ya daɗe yana kallonsa kafin ya fara rubutu.