Karsanar da Ba Ta da Shaida

Dutsen farko ya faɗo ne da almuru, Halimatu tana tsugune gaban murhu tana talge. Ta ji ƙwal a cikin turmi, ba ta ko ɗaga kai ba. Sai na biyu ya faɗo dab da ƙafarta. Ta ɗauka ta duba. Dutse ne baƙi mai santsi, jiƙe sharkaf, da sanyi kamar yanzu aka ciro shi daga gindin rijiya. To ƙauyen nan nasu na kusa da Birnin Lalle rairayi ne zalla, mutum sai ya wuni yana tafiya bai sami dutsen jifan kare ba. Kuma rani ne.

Ta leƙa bayan darni, babu kowa. Kaji sun shiga akurki tun da sauran haske. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya ji numfashin kansa.

Wannan abu ya faru tun kafin Nasara su zo, tun ba a kafa garin Dakoro ba. Babu lakwal, wato makarantar boko, babu likitan dabbobi. In mutum yana son sanin maganin dabba, sai dai ya bi wanda ya sani. Halimatu mijinta ya rasu ya bar mata ɗa namiji, Harisu, da ɗiya, Dela, da ƴan shanu. Shekarar da ciwon huhu ya shigo, shanun suka bi mai su ɗaya bayan ɗaya, tana kallo, ba ta san abin da za ta ba su ba. Ranar da aka ja ta ƙarshe aka fitar, aka bar turke wayam, ta ce ɗanta sai ya koyi wannan sani.

Mutum biyu ake zance a ƙasar. Akwai Jimrau na Kornaka, mai rumfa a kasuwa, wanda rani guda yake koya wa yaro ƙulle-ƙulle da saiwoyi ya sallame shi. Akwai kuma Samba, wani tsohon Bafillace mai ruga a bakin kwari, wanda aka ce yaro sai ya tsufa a hannunsa. Harisu Kornaka yake so. Amma Halimatu ta tuna ranar da Samba ya zo duba saniyarta ta ƙarshe, yadda ya ɗora kunne a haƙarƙarinta ya daɗe, sannan ya ce kada ta wahalar da kanta, ba za ta tashi ba. Gaskiya ya faɗa mata. Don haka ta zaɓi Samba.

Harisu ɗan fari ne, saboda haka ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da aka raɗa mishi. Sai dai ta ce "kai", ko "wancan". Ran da zai tafi ma, bango ta fuskanta ta ce, "A gaya wa wancan ya yi haƙuri da abin da zai gani."

Bai yi ba. Duk zuwan da zai yi gida, da ƙorafi yake zuwa.

"Inna, ni fa itace nake yi. In hura wuta, in riƙe ƙafar saniya ta harbe ni, shi ke nan karatun. Ko ƙarfen lalas da yake ƙona dabba da shi bai taɓa bari na riƙe ba. Duk dabbar da aka kawo, sai ya ce, 'Ta wa ce?' In duba kunne, in ga irin yankan shaidar, in faɗi mai ita. Kullum 'ta wa ce, ta wa ce'. Ni tsaron garke aka kai ni koyo?"

Dela takan yi dariya ta ce, "Yaya, ta wa ce?" tana nuna kaza. Shi kuma ya kai mata ranƙwashi.

A wannan zuwan kuwa bai yi ƙorafi ba. Ya iso kwana biyu kafin dutsen ya fara faɗowa, ya ce Baffa Samba ne ya ba shi hutu. Ya shige ɗaki. Tuwo ma sai an kai mishi.

Washegarin faɗowar dutsen farko, da almuru, duwatsun suka dawo, suka yi yawa. Ba su taɓa kowa ba. Sai su faɗo a turmi, a bakin randa, a kan rumbu, ko'ina su bar ɗan jiƙo a rairayi. Rana ta uku aka ƙara da murya. Daga wajen tsohon turken nan ake jin ta, ƙasa-ƙasa, muryar tsohuwa tana kiran saniya irin yadda masu tatsa ke yi, tana lallashi, tana jira, ta sake kira. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗibar wuta.

Sai Dela ta fara ɗingishi.

Halimatu ta duba tafin ƙafar ko ƙaya ce, ba ta ga komai ba. Da rana yarinya lafiya lau, tana surfe, tana surutunta. Rana na yin ja sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta ja ƙafar hagu ta tafi gindin turke ta tsaya. Ba ta kuka, ba ta magana. Muƙamuƙinta kawai ke juyawa a hankali, baki babu komai. In an kira ta, sai ta juyo da wuyanta gaba ɗaya, ta kalli mutum da manyan idanu masu sanyi waɗanda ba su san shi ba.

Ran da uwar ta kawo ruwan ɗumi za ta gasa mata ƙafar, ta ɗage zane, sai ƙwaryar ta suɓuce mata. A bisa idon sawun akwai ƙuna, zane uku a jere da ɗaya a gicciye. Babu wanda ya kai wuta kusa da yarinyar. Ta ɗaga kai ta ga Harisu tsaye bakin ɗaki yana kallon ƙafar. Ya koma ciki ya ja asabari.

Da safe ta ɗaura gyale ta tafi Birnin Lalle da ƙafa, wajen Malam Zakariya'u. Dattijo ne mai sanyin magana, an san shi da irin wannan aiki. Ya biyo ta. Ya juya duwatsun a hannunsa, ya duba ƙafar Dela ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan zanen ba na malamai ba ne, na masu shanu ne. A kira mini Samba."

Samba ya iso da la'asar sakaliya, sanda a kafaɗa. Ya durƙusa ya kalli ƙunar. Bai taɓa ta ba.

"Zanena ne," ya ce. "Shi nake wa saniya mai targaɗe. Amma ban koya wa kowa ba tukuna. Kuma ƙarfena ɗaya ya ɓace, tare da yaronki. Ni ban ba shi hutu ba."

Aka yi sallar magariba a tsakar gida. Ana sallamewa Dela ta miƙe, ta ja ƙafa zuwa turke. Malam ya sa aka fito da Harisu aka zaunar da shi a tabarma. Ya zuba garwashi a kasko, ya barbaɗa turare, ya zauna gaban yarinyar ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Hayaƙin ya tashi tsaye cak, babu iska. Dutse ɗaya ya faɗo tsakaninsu, Malam bai ko dube shi ba. Can jikin Dela ya ɗauki ɓari, ta durƙushe, ta buɗe baki, sai muryar tsohuwar nan ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza. Ba ni na fara ba."

"Wace ce ke?"

"Makiyayiya ce. Muna shayarwa a rijiyar gindin gawo tun kakanninku ba su haƙa ta ba. Ku da rana, mu in kun tashi."

"Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita? Ba komai. Tambayi wancan da ke sunkuye."

Harisu bai ɗago ba. Muryar ta ci gaba, a hankali, kamar mai ba da labarin abin da ya daɗe yana cin ta.

"Farar karsanata ta gurɗe ƙafa, ta rigaye mu zuwa ruwa. Ya same ta ita kaɗai. Ya duba kunnenta, na gan shi, ya duba duka biyun. Babu yanka. Maimakon ya ji tsoro, sai ya yi murna, wai ya sami wadda ba mai hana shi. Ya ɗaure ta, ya hura wuta, ya ɗora mata ƙarfe. Ƙarfe, Malam! Yanzu tana warin ƙarfe, tana ɗauke da zanen bil'adama. Garke ya ƙi ta. Uwarta ma tunkuɗe ta take. Kun sa wa tamu shaida, mun sa wa taku. Ku riƙe waccan, mu tafi da wagga."

 Halimatu ta dafa turmi.

Malam ya ce, "Ƙafar karsanar, ta warke ko ba ta warke ba?"



"Ta warke," muryar ta ce, kamar ba ta so.

"To ba mugunta ya nufa ba, wauta ce ta yaro. Kuma ba a musanya ɗiyar mutum da dabba, ko a shari'arku ko a tamu. Kin sani. In kin ƙi, in ci gaba da karatu har gari ya waye."

Ya buɗe baki zai fara, Dela ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Akwai wata hanya." Wuyanta ya juya a hankali zuwa ga Harisu, muryar ta yi laushi. "Hannunka na da kyau, yaro. Da ido kawai ka ɗauki zanen nan. Wannan tsoho zai tsofar da kai kana hura wuta. Zo wurinmu. Damina guda, in nuna maka kowace saiwa da ke ƙarƙashin ƙasar nan. Ciwon da ya cinye shanun uwarka, mun san maganinsa. Babu wanda zai ce maka jira. Taso, in saki ƙanwarka."

Harisu ya ɗago kai. Idanunsa sun yi wani iri. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya fara takawa, ba wajen Dela ba, wajen ƙofar gida, inda duhu ya riga ya taru. Malam ya ɗaga murya da karatu, bai tsaya ba. Samba ya tare shi da sanda, Harisu ya ture ta kamar kara.

Halimatu ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba.

"Harisu!"

Sunan ya fito mata da ƙyar, kamar ba da harshenta ba. Shekara ashirin yana cikin bakinta. Yaron ya tsaya cak. Bai taɓa jin sunansa da wannan murya ba. Ya juyo yana kallonta kamar wanda aka tasa daga barci.

"Harisu, ni na zaɓa maka malami. Ban canza ba. Dawo ka zauna."

Ya dawo. Ya zube gaban Samba ya fashe da kuka, ya ce, "Baffa, itacen zan ci gaba da yi."

Wani dogon nishi ya fito daga ƙirjin Dela.

"To karsanata fa? Ta mutu a daji ita kaɗai?"

Samba ne ya yi magana, a hankali, kamar yana ciniki da makiyayi ɗan'uwansa. "Wanda ya sa wa dabba wuta, shi ke jinyarta. Haka muke yi. Ga turke nan ba kowa. Ta zauna."

"Ba ɗauri. Ba tatsa. Ba mai neman ya gan ta."

"An yarda," Malam ya ce. "Ruwa da dusa duk almuru. Ke kuma ki fita daga jikin yarinyar nan, ki kwashe duwatsunki, kada ki ƙara kiran wani ɗan gidan nan."

"Ƙarfen a binne shi."

"Za a binne."

"Ranar da aka manta da ruwan, Malam, ba dutse zan jefo ba."

Dela ta yi atishawa mai ƙarfi, ta kife. Da uwar ta ɗago ta, sai ta buɗe ido ta ce, "Inna, yunwa nake ji." Da safe aka nemi duwatsun aka rasa, sai ƴan ramuka masu damshi a rairayi. Ƙunar ta warke, amma tabon bai ɓace ba har Dela ta tsufa.

Harisu ya binne ƙarfen a gindin gawo, ya bi Samba ruga. Ya daɗe yana hura wuta. An ce daga baya, ko akuya aka kawo mishi, ba ya taɓa ta sai mai ita ya ɗora hannu a bayanta ya ce tawa ce.

Halimatu kuwa ba ta ƙara kiran sunansa ba. Ba ta kuma ƙara kwana a wani gari ba, ko biki ko rasuwa. Rana na yin ja za ta cika ƙwarya da ruwa, ta zuba dusa a wata, ta kai gindin turke, ta juyo ba waiwaye. Da safe ta tarar an lashe su tas.

A damina ta uku, wata almuru, ta ajiye ƙoren ta juyo ke nan, sai ta ji wani ɗan siririn kuka a bayanta, irin na maraƙin da bai daɗe da faɗowa ba. Ta tsaya. Ba ta waiwaya ba. Ta shiga ɗaki, ta ɗauko ƙaramar ƙwarya, ta cika ta da ruwa.